Ina za mu samo kuɗin tiyatar jaririyar ƙanena?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana 9 da haihuwar matar ƙanena. Jaririyar ta zo da ƙulli mai ruwa a ƙasan bayanta, kamar ƙwan kaza, har yana tsatsafa. Likita ya ce ƙashin bayanta bai haɗe ba tun a ciki, sai an yi tiyata da gaggawa kafin ƙwayar cuta ta shiga.

Ƙanena manomi ne a wani ƙauye a jihar Kano. Ya sayar da akuyoyinsa da geron da suka ajiye na ci, kuɗin bai kai rabi ba. Ko ragon suna bai yanka ba.

Don Allah, Hukumar Zakka da Hubusi tana tallafawa a irin wannan? Wace takarda ake kaiwa? Inshorar lafiya ta jiha fa, tana karɓar jaririn da ke kwance a asibiti?