Waɗanda suka rubuta IELTS, ya kuka yi da jadawalin yawan mutanen birane a Task 1?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa zana IELTS ta Academic, jarabawar gwada ƙwarewar Turanci ta masu neman karatu, ku ɗan ba mu labarin yadda kuka yi da Task 1, wato tambayar farko a sashen rubutu, musamman in aka kawo jadawali ko zane na yawan jama'ar birane. Ina gwaji a gida sai in ga lambobi sun cika takarda, birane a jere shekaru a jere, in na ce sai na ambaci kowace lamba minti 20 ɗin da ake ware wa Task 1 sun tafi ban kai ko rabi ba, in na tsallake wasu kuma sai zuciyata ta ce mai ba da maki zai ga kamar ban fahimci zanen ba.

Wata nas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Irinsa ne ya faɗo min ranar tawa jarabawar, zanen layi ne na kason mutanen da ke zaune a birane a wasu ƙasashe, har da hasashen shekaru masu zuwa. Ban taɓa rubutu ba sai da na yi kamar minti uku ina kallon zanen da fensir a hannu, na zagaye wadda ta fi kowa a farko, wadda ta fi kowa a ƙarshe, sai wurin da layuka biyu suka gitta juna wata ƙasa ta wuce wata. Wallahi waɗannan kawai na gina amsata a kai. Ka sake karanta umarnin da ke saman tambayar, cewa ya yi ka taƙaita, ka zaɓi manyan abubuwa, ka kwatanta inda ya dace. Ba wanda ya ce ka kwafe jadawalin.

Malamin Turanci:
Gaskiya ta faɗa. Ina gyara wa ɗalibai irin wannan rubutun kullum, kuma abu biyu ne ke cinye musu maki. Na farko rashin sakin layin da zai ba da hoton abin gaba ɗaya, wanda suke kira overview, jimla biyu ko uku ne ba lamba ko ɗaya, amma in babu shi da wuya makinka na cika aikin tambayar ya wuce 5, komai kyan Turancinka. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, kawo dalili. Da zarar ɗalibi ya ga birane na cika sai ya fara wa'azi, wai mutane na barin karkara ne don neman aiki da wutar lantarki da asibiti. Ƙila haka ne, amma zanen bai faɗa ba, kuma ra'ayinka sai a Task 2, tambaya ta biyu a sashen rubutu.

Ni da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 nake sa su gwaji. A 1950 kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne a birane, a 2018 sun kai kashi 55, ana hasashen 68 a 2050. Kun ga lokuta biyu kenan a jimla guda, abin da ya wuce da abin da ake hasashe, to wanda ya rubuta "will be 68%" kamar ya riga ya gani da idonsa, gara wanda ya ce "is projected to reach". Sannan daga 30 zuwa 55 ba ƙarin kashi 25 cikin ɗari ba ne, "25 percentage points" ake cewa, in kuma ka sa "rose by 55%" a inda kake nufin "rose to 55%" ka ba da labarin ƙarya ba ka sani ba.

Ɗalibin injiniya:
Malam Allah ya saka da alheri. Ni jadawali aka ba ni ba zane ba, manyan birane ne da yawan mutanensu a shekaru daban daban. Abin da zan ce wa kowa shi ne ku duba kan jadawalin kafin komai, ko da dubbai aka ƙirga ko da miliyoyi, don wani abokin karatuna ya taɓa rubuta cewa mutanen Tokyo dubu 37 ne alhali miliyan 37 ne, muka yi ta dariya amma a ɗakin jarabawa ba abin dariya ba ne. Kuma "37 million" ake rubutawa ba a ƙara s. Ni dai da Task 2 na fara tunda makinta ninki biyu ne na Task 1, na ba ta minti 40 ɗinta cif sannan na dawo kan jadawalin da kwanciyar hankali.

Wata nas:
A'a ni kam ban goyi bayan wannan ba. In ka fara da Task 2 rubutu ya yi maka daɗi sai ka ɗago ka ga minti goma ya rage, kuma kalma 150 ɗin da ake so a Task 1 ba wasa ba ce in kana sauri hannu na rawa. Kowa dai da yadda ya saba.

Mai shirin digiri na biyu:
Ni a kwamfuta na yi, kuma ta sauƙaƙa min sosai don tana nuna maka adadin kalmomin da ka rubuta, ba sai ka tsaya ƙirga da yatsa ba. Abin da ya taimake ni a jadawalin birane shi ne haɗa su gida gida, ba bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Misali a waɗancan alƙaluman da Malam ya ambata, New York ce kan gaba a 1950 da kusan miliyan 12, zuwa 2018 Tokyo na da 37, Delhi 29, Shanghai 26. To sai ka ware sakin layi ɗaya ga waɗanda suka yi tashin gwauron zabi irin su Delhi da Shanghai, ɗaya kuma ga waɗanda suka riƙa hawa a hankali. Kwatancen ya zo da kansa kenan ba tare da ka yi ta maimaita "increased" har mai makin ya gaji ba. Su kuma jimlolin haddar nan da ake yawo da su, ku yi hattara, masu makin sun san su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam saura abu ɗaya, shi wannan overview ɗin a farko ake sa shi ko a ƙarshe? Wasu na cewa sai a ƙarshe kamar kammalawa.

Malamin Turanci:
Duk inda ka sa ana karɓa ɗan'uwa, matuƙar ya fito fili. Amma ni ina sa ɗalibaina su rubuta shi nan da nan bayan jimlar gabatarwa, don in lokaci ya ƙure maka gara a ce lambobin birni na ƙarshe ne ba ka kawo ba. Ka rubuta ɗaya da jadawalin da kake gwaji da shi ka turo mu duba.