Muhawara: Ƙasar da ta fito daga yaƙi, babban layin wuta za ta fara gyarawa ko sola za ta kama?

Injiniya Sa'adu: Ga abin da nake kawowa gaban 'yan uwa. Ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita kada ta zuba kuɗinta na farko a tayar da babban layin wuta. Ta fara da sola, gari-gari, asibiti-asibiti. Layin da ya ratsa kilomita 300, turke ɗaya za a kayar kowa ya kwana a duhu. Ku dubi Yemen: da yaƙi ya yi tsanani a 2015, wutar da ke zuwa birnin Sana'a daga tashar Marib ta yanke, farantan sola a kan rufi su suka riƙe gidaje da shaguna. Ga shi kuma farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Hajiya Rakiya: Injiniya, ban musa maka zancen Yemen ba, amma me yawancin mutane suka saya? Faranti ɗaya ko biyu da batir mai ruwa, na kunna ƙwai da cajin waya. Wannan rage zafi ne. Ƙasa ba ta miƙewa sai injin niƙa da na walda da masana'anta sun tashi, kuma mota mai juya inji tana jan wuta ninki biyar ko shida a daidai lokacin tashi. Ƙaramar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, nan take take yankewa. Laberiya madatsar Mount Coffee ta gyara, wadda aka lalata a 1990, aka ɗaga ƙarfinta daga megawat 64 zuwa 88. Ita ma ai makamashi mai sabuntawa ce, sai dai ba ta da amfani in ba babban layi.

Injiniya Sa'adu: Hajiya, misalinki hujjata ce. An lalata ta a 1990, injinta na farko bai sake juyawa ba sai ƙarshen 2016. Shekara 26! Kuma da rani ruwan kogin Saint Paul, inda madatsar take, yana ja baya, wutarta ta ragu ƙwarai. Wa zai ce wa ɗakin haihuwa ya jira haka?

Malam Bala: Ku bari mu sauko kan lissafi, don a nan ake yin ɓarnar. A ɗauki ƙaramin asibiti mai shan yunit 10 a rana: firijin rigakafi, fitilu, fanka, injin iskar numfashi. In wurin yana samun awa 5 na rana mai ƙarfi, kada a raba 10 da 5 a tsaya nan. Zafi da ƙura da wayoyi da inbata suna cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu. To ana buƙatar kusan kilowat 2.7, a ce faranti shida masu wat 500. Wannan ɓangaren ba ya ba da wahala. In ana wanke shi, sai ya haura shekara 20.

Batir ne makwantar matsala. In yunit 6 ake sha da dare, batir mai ruwa ba a zuƙe fiye da rabinsa, don haka sai an sayi na yunit 12. Mai kwangila ya sa na 7 don ya rage kuɗi, kullum asuba batir ya wayi gari a ƙarƙaf, farin gishiri ya daskare a kan farantan dalmar da ke cikinsa, kafin shekara biyu ya mutu. Ƙari a kan haka, duk digiri 10 da ɗakin ya haura 25, kusan rabin rayuwarsa ta tafi. Ku leƙa ɗakin batir da aka yi da kwano ba taga, za ku tarar cikinsu ya kumbura, kawunansu sun yi tsatsa fari-fari. Na litiyam ya fi juriya, ana shan kashi 80 zuwa 90 nasa, amma in allon da ke sarrafa cajinsa ya ƙone, sai a nemi mai gyara a rasa.

Dakta Hauwa: Malam Bala ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Injiniya yana maganar arha kamar farashin faranti ne kaɗai. Sola kusan duk kuɗinta a rana ɗaya ake biya, galibi da bashi, don haka ruwan bashin shi ne ainihin farashinta. Bashin 100 na shekara 15, a ruwa kashi 5, kana biyan kusan 9.6 duk shekara. A kashi 15, wanda ba abin mamaki ba ne a inda ba a gama yarda da zaman lafiya ba, ya zama 17.1. Ga bashi a dala, ga masu biyan wuta da kuɗin gida da ke faɗuwa. Shi ya sa ɗan kasuwa yake rungumar janareta: sayensa da sauƙi, kuma in rikici ya dawo ya ɗora shi a mota. In babu mai tsaya wa bashin, ko gwamnati ko bankin raya ƙasa, arhar a takarda za ta tsaya.

Injiniya Sa'adu: Na karɓi wannan, Dakta. Amma janareta yana shan kusan lita 0.3 na dizal a kowane yunit, kuma dizal ɗin a tanka yake zuwa, ta hanyar da ba a gama tsare ta ba. Rana ba ta bi ta shingen 'yan bindiga.

Malam Isiyaku: Ni ban ga dalilin raba hanya ba. A gina ƙaramin layi na gari, sola ta ɗauki yini, batir ya ɗauki farkon dare, janareta ya cike giɓin damina da lokacin tashin manyan injina. Sai dai kada a sayi janaretan da ya fi ƙarfin aikin: in yana gudu ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, man ba ya ƙonewa duka, baƙin maiƙo ya riƙa ɗiga daga salansa. Turaku da wayoyi da taransifoma a yi su a kan ma'aunin babban layi tun farko, don ranar da ya iso a jona kawai. Kowane gida mita mai kati, a riƙa ware wani kaso na kuɗin a asusun canjin batir.

Hajiya Rakiya: To ranar da babban layin ya iso da wuta mai rahusa, wa zai biya wanda ya gina ƙaramin? In doka ba ta faɗi ba tun yau, ko a saye kayansa a kan ƙima, ko ya riƙa sayar wa babban layi wutarsa, ba mai kuɗin da zai kafa turke ko ɗaya. Injiniya, wannan muke bin ka amsarsa.

Injiniya Sa'adu: A rubuta shi cikin lasisi kafin a haƙa rami na farko: hanyar lissafin diyya, wanda zai biya, da wa'adin biya. A kan wannan sharaɗi ina nan kan bakana, asibitoci da famfunan ruwa su fara samu, madatsa ta biyo baya.