Na tsinci tsofaffin wasiƙu a adakar kakana, ina ake shiga ƙungiyar masu tara irinsu?

Ɗan Taura:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin marigayi kakanmu a ƙauyenmu nan gefen Taura saboda ruwan bana ya ci katangar, sai muka jawo wata adaka a ƙarƙashin gado, ciki wasiƙu ne cunkus an ɗaure da tsumma, wasu da ajami wasu da boko. Yawanci ƙaninsa ne ya aiko daga Kumasi lokacin yana fataucin goro, a jikin kan sarkin an rubuta Gold Coast, wasu kuma na nan gida ne masu hoton Sarauniya. Na fara ɓamɓare kan sarkin ina zubawa a gwangwanin madara har na cire sha ɗaya, sai abokina yace wai akwai ƙungiyoyi a Ingila na masu tara irin wannan suna bincike a kai. Da gaske ne? Ya ake shiga, kuma ɗan ƙauye irina zai ƙaru ko dai harkar masu kuɗi ce?

Tsohon ma'aikacin gidan waya:
Wa alaikumus salam. Kai ɗana, don girman Allah tsaya haka nan, kar ka ƙara cire ko ɗaya! Kan sarki shi kaɗai ai an buga irinsa birjik, abin da ba shi da na biyu shi ne ambulan ɗin da hatimin da aka doka masa, don nan ne sunan gari da ranar da aka jefa wasiƙar suke. Ka juya bayansa ma ka duba, musamman in ta rajista ce, za ka ga hatimin garuruwan da ta ratsa kafin ta iso. Ku da kuke kan layin dogon Kano zuwa Nguru da aka buɗe a 1930, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, a da jirgin ƙasa ne ke sauke buhun wasiƙu a tasha.

Gold Coast ɗin nan ita ce Ghana kafin 1957. Na gida masu Sarauniya kuwa in jerin 1953 ne ka duba da kyau, na kwabo mahaya dawakin Barno ne a jiki, na ahu gyaɗa, na taro gadar Jebba. Yaran yanzu ko ahu ba su sani ba, kwabo da rabi kenan, taro kwabo uku, sisi kwabo shida. Sai a 1973 aka koma naira da kobo.

Malam na Gwaram:
Baba ya gama magana. Ƙungiyoyin kuma da gaske akwai su. Wadda ta fi dacewa da kai ita ce West Africa Study Circle, tun 1950 take, aikinta kan sarki da tarihin gidan waya na yankinmu, suna fitar da mujalla mai suna Cameo. Akwai Postal History Society ta 1936 mai nazarin tarihin gidan waya, sai babbar yayarsu Royal Philatelic Society London tun 1869, amma ni dai ba zan ce ka fara da ita ba. Shiga ba wuya, fom ne a intanet ka cika ka biya kuɗin shekara, inda gizo ke saƙar shi ne da fam ɗin Ingila ake biya, ka san yadda canji yake yanzu.

Amfanin shi ne ka tura hoton hatimin da ya dushe wani ya karanto maka, ko ya gaya maka me ya sa aka manna sisi ba taro ba, jirgin sama ta biyo ko na ruwa. Kar ka raina kanka fa, da yawansu sun haddace farashin aika wasiƙa na kowace shekara amma in ka miƙa musu ajami sai dai kallo, kai kuwa limaminku zai karanta maka a zaune ɗaya. Ni shawarata ka fara ɗaukar hoton kowane ambulan gaba da baya da wayarka, ka rubuta gari da kwanan wata a littafi, in ka ga abin ya shiga ranka sannan ka biya.

Na Gujungu:
Hhhh ni duk ba wannan ba, nawa za a saya? In da kuɗi a ciki gobe adakar kakata ta shiga uku wlh

Malam na Gwaram:
Kwantar da hankalinka mutumina. Akwai masu tsada, kamar na fam 25 da aka buga wa Arewa a 1904 lokacin tana da kan sarkinta daban kafin haɗewar 1914, amma wa zai manna fam 25 a wasiƙar gaisuwa? Na Sarauniya yawanci ko kuɗin mota zuwa Kano ba za su kawo maka ba.

Maman Khalifa:
Ƙanina ni ta ajiya zan yi maka magana, don mu gara ce ta cinye takardun mahaifinmu tas a damina ɗaya. Ka ɗaga adakar daga ƙasa ka raba ta da bango, kar ka sa salatif, kar ka kai a yi musu laminetin, kar ka shanya a rana. Kuma ka karanta tukuna kafin ka watsa hoton abin da ke ciki, wasiƙar 'yan uwa ba a rasa maganar bashi ko ta aure.

Ɗan Taura:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba na juya ɗaya na ga hatimin Kano a baya kamar yadda ka ce. Liman ya karanta mana ita bayan la'asar, ashe kuka da daddawa yake roƙo a aika masa, Inna tana ji ta fashe da kuka tace har ya rasu bai daina ƙorafin miyar can ba. To sha ɗayan nan da na cire fa, in mayar da su da gam?

Tsohon ma'aikacin gidan waya:
A'a kar ka sa gam. Ka gwada kowanne a gurbinsa, rabin hatimin na jikin kan sarkin rabi na jikin ambulan, inda zanen ya haɗu nan ne gidansa, sai ka naɗe shi a farar takarda ka zura cikin ambulan ɗin.