Mai sayarwa ya ci kuɗi, wani kuma ya yi sojan gona da sunan kamfani: yaya ake yi?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Abin nan yana yawan faruwa: mutum ya biya kuɗin kaya ta intanet, kaya ba su zo ba, ko abin da ya zo ba shi aka saya ba. Ya shigar da ƙorafi, amma a ƙarshe a ba mai sayarwa gaskiya. Wani lokacin ma ana cikin ƙorafin sai wani ya kira da sunan kamfanin biyan kuɗi ya kwashe ɗan abin da ya rage. Waɗanda suka san kan abin, a taimaka: ina ake kuskure, kuma me ya kamata a yi tun ranar farko?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Babban makamin ɗan damfara shi ne jan lokaci. Yau ya ce kaya na hanya, gobe ya ce kwastam sun riƙe, jibi ya ce zai sake aikawa, har wa'adin ƙorafi ya wuce. Saboda haka a riƙe waɗannan kwanakin. A PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, idan kaya ba su zo ba, ana da kwana 180 daga ranar biya a buɗe ƙorafi. Bayan an buɗe, kwana 20 kacal ake da su a ɗaga shi zuwa matakin da kamfanin zai yanke hukunci. In ba a ɗaga ba, zai rufe da kansa. A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kwana 30 ne daga ranar da aka ƙiyasta isowar kaya. A katin Visa ko Mastercard, galibi kwana 120 ne.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne mai sayarwa ya ce, “Rufe ƙorafin, an riƙe mini asusu, da zarar ka rufe zan mayar maka da kuɗinka.” Kar a yarda. Ƙorafin da ka rufe da hannunka a PayPal ba ya sake buɗuwa. Mai niyyar mayar da kuɗi yana iya mayarwa daga cikin ƙorafin, ba sai an rufe ba.

Maman Fadil:
Ƙari a kan maganar Malam: tun wajen biya ake faɗuwa. Duk mai sayarwar da ya ce a tura masa ta hanyar Friends and Family ta PayPal wai don a guje wa caji, ya raba ka da kariyar mai saye ke nan, domin wannan hanyar ta aika wa dangi ce, ba ta ciniki ba. Haka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun banki, katin kyauta da kuɗin kirifto. Da wuya su dawo.

Ɗan Jigila:
Bari in tsaya a kan lambar bibiyar kaya, don a nan masu gaskiya suke shan kaye. Ɗan damfara yakan aika ambulan ko wani abu maras daraja zuwa wani adireshi dabam a yankin mai saye. Shafin bibiya ba ya nuna cikakken adireshi, gari ko lambar yanki kawai yake nunawa tare da cewa an kai. Mai duba ƙorafi yana ganin haka sai ya rufe magana. Wasu ma ba sa aika komai, lambar kayan wani suke samowa su liƙa.

Cewa “ban karɓa ba” ba ta isa hujja. A tuntuɓi kamfanin jigilar a nemi bayani a rubuce, ta imel ko a takarda mai tambarinsu, a kan abu uku: shin adireshin da ke jikin kayan naka ne, nawa ne nauyinsu, kuma yaushe aka karɓe su daga hannun mai aikawa. Sau da yawa ba za su faɗi adireshin wani ba, amma suna iya tabbatar da cewa ba naka ba ne, kuma wannan ya wadatar. Nauyi shaida ce mai ƙarfi: kwamfutar hannu ba ta zuwa a ƙunshi mai giram 100. Haka idan ranar aikawa ta riga ranar da ka biya, lambar ta wani ce.

In kuwa kaya sun zo amma ana shakka, a kunna bidiyo kafin a taɓa su, a nuna takardar da ke jikin kwali, a buɗe ba tare da yanke ɗauka ba. Kar a zubar da kwalin.

Hajiya Mai Shago:
Ni shawarata a wuce banki kai tsaye in da kati aka biya. Me za a tsaya jira?

Mai Lissafi:
Hajiya, a yi haƙuri, gaggawa a nan tana da illa. Da zarar banki ya buɗe neman dawo da kuɗi ta kati, PayPal zai rufe ƙorafin da ke hannunsa, kuma in banki ya ƙi, ba a komawa. An yi asarar dama ɗaya ke nan. Ya fi kyau a fara da dandalin da aka yi ciniki, in ya ƙi a je banki, amma ana lissafin kwana 120 ɗin nan don kar su cika.

Sannan a zaɓi dalilin da ya dace. Mutane kan ce “ba ni na yi cinikin ba” don suna ganin zai fi sauri. In kai ka shigar da lambar OTP (lambar tabbatar da biya da banki ke turo maka, mai aiki sau ɗaya) da hannunka, banki yana da shaidar haka, kuma ƙorafin zai faɗi. Dalilin gaskiya shi ne “kaya ba su zo ba” ko “ba abin da aka bayyana ba ne”. A haɗa da rasit, hoton tallan kayan kafin a goge shi, da saƙonnin da ke nuna an nemi mai sayarwa ya gyara bai gyara ba.

Injiniya:
Yanzu batun sojan gona. Masu yin sa suna sa ido a Facebook da X. Mutum na rubuta kukansa a ƙarƙashin shafin kamfani, sai wani shafi mai tambari iri ɗaya ya ba shi amsa, ya ce ya turo lambar wayarsa. Kura ce da fatar akuya. Mai kiran zai san sunanka, adadin kuɗin da ranar ciniki, domin ko dai kai ka wallafa su, ko kuma shi ne mai sayarwar da kansa. Lambar da ta fito a allon waya ma ba abin dogaro ba ce, ana iya sa ta nuna ta banki.

Ana gane su ta abin da suke nema: lambar OTP, lambobi uku na bayan kati, kalmar sirri, ko a sauke manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer wai don su taimaka. Wanda ya sauke ta ya ba su izini, suna ganin allonsa kuma suna iya sarrafa shi. Akwai kuma dabarar “mun yi kuskure mun mayar maka da fiye da kuɗinka, ka dawo da ragowar”, alhali babu abin da ya shigo. Mayar da kuɗi ba ya bukatar komai daga gare ka, ta hanyar da ya fita yake komawa.

A kashe kiran, a buɗe manhajar kamfanin da kai, a duba sashen ƙorafi. Saƙon da ba ya can ba nasu ba ne. Banki kuma a kira lambar da ke bayan kati.

Maman Fadil:
Har da takardar neman biya da ke zuwa daga ainihin adireshin PayPal. Kowa na iya aika ta, sai su rubuta lambar waya a ciki su ce a kira in ba a amince ba. Takardar ba ta cire kuɗi sai an danna biya. Tarkon yana cikin kiran.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri. To wanda ya riga ya ba da lambar fa?

Injiniya:
Ya kira banki nan take a toshe kati, a kuma nemi bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe su, don akan kwashe su cikin ɗan lokaci. Ya cire waya daga intanet, ya goge manhajar da aka sa shi saukewa. Daga wata na'urar ya canza kalmar sirrin imel tukuna, sannan ta sauran asusu, domin ta imel ake sake saita duka. Ya duba ko an ƙara wata lambar waya ko adireshi a asusunsa. Ya kai rahoto ga 'yan sanda ya karɓi lambar rahoton, banki na iya nema. Kuma ya sa ran kira na biyu, daga masu cewa su lauyoyi ne ko ƙwararrun ƙwato kuɗi, sai dai a fara biyan kuɗin aiki. Sunansa ya riga ya shiga jerin da suke sayar wa juna, kar ya tura musu komai.