Yaya ake gano ainihin gudun harsashi don harbin nesa?

Ɗalibin_Saiti:
Assalamu alaikum. Bindiga ce .308 mai bututu inci 20. Na saka gudun da ke jikin kwalin harsashi a manhajar lissafin faɗuwar harsashi. A mita 300 komai daidai, amma a mita 800 sai harbin ya riƙa faɗawa ƙasa. Ina matsalar take, kuma wace na'urar auna gudun harsashi ce ta fi dacewa?

Mai_Awo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lambar kwali ba ta bindigarka ba ce. Yawanci da bututun gwaji mai inci 24 ake auna ta, kuma a .308 kowane inci da ya ragu yana cin kimanin mita 6 zuwa 9 a daƙiƙa. Kenan naka zai iya gaza na kwalin da mita 25 zuwa 35 a daƙiƙa. A kusa ba za ka lura ba, amma ga harsashin da ke fita da gudun mita 790 a daƙiƙa, kuskuren mita 10 a daƙiƙa kaɗai ya kai santimita 30 sama ko ƙasa a mita 900.

Na'urorin iri uku ne. Mai idanu biyu tana auna lokacin da inuwar harsashi ta ɗauka daga ido na farko zuwa na biyu. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi rigima. Idan tazarar idanun santimita 30 ce, kuskuren milimita 3 ya zama kashi ɗaya cikin ɗari, wato mita 8 a daƙiƙa. Shi ya sa mai naɗewa da ba a buɗe ta sosai ba take ƙara gudu, wadda ta karkace kuma take ragewa. Ka ajiye ta mita 3 zuwa 5 daga bakin bindiga don kada hucin harbi ya ruɗe ta, sannan ka gaya wa manhajar wannan tazarar, domin harsashin ya riga ya rasa gudun mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa kafin ya iso. Ranar da ke da gajimare ta fi mata kyau.

Mai maganaɗisu, irin MagnetoSpeed, ba ruwanta da haske, sai dai ɗaure ta a bututu yakan sauya inda harbi ke sauka, don haka kada ka haɗa awo da saiti. Mai radar, irin LabRadar ko Garmin Xero, ba ta taɓa bindigar, kuma ita zan zaɓa in da hali.

Baban_Bara:
Ƙari kan bayanin Malam Mai_Awo: harbi uku ba awo ba ne. Ka yi goma aƙalla, ashirin ya fi, duk daga rukunin harsashi ɗaya. Ka ɗauki matsakaici, ka kuma duba yadda lambobin suka warwatsu. Idan SD, wato ma'aunin wannan warwatsuwar, ya yi ƙasa da mita 3 a daƙiƙa, harsashin mai kyau ne.

Ka rubuta zafin ranar, domin albarushi yana ƙara ƙarfi idan ya ɗumama. Harsashin da ya daɗe cikin bindiga mai zafi, ko aka bari a rana, zai fita da gudu fiye da 'yan'uwansa. Sabon bututu kuma yakan ƙara gudu cikin harbi 100 zuwa 200 na farko, sai a sake awo bayan nan.

Injiniya_Z:
Ko da na'urar ta ba ka lamba, allon bara, wato allon da ake harbi a kai, shi ne alƙali. Ka harba biyar a nesa inda harsashin bai kusanci gudun sauti ba tukuna, kamar mita 600 zuwa 700 a .308. Ka auna tsakiyar tarin, ka gyara gudun a manhaja har lissafi ya yi daidai da abin da ka gani.

Amma kada ka ɗora wa gudu laifin da ba nasa ba. Ka fara tabbatar da saitin mita 100, da tsayin madubin saiti daga tsakiyar bututu, da cewa madubin yana motsa adadin da ka murɗa. Matsin iska ma na wurin da kake tsaye ake sakawa, ba wanda hasashen yanayi ya mayar zuwa matakin teku ba. Ga dogon harsashi mai siririn gindi ka yi amfani da G7 maimakon G1 (samfurori ne biyu na lissafin yadda iska ke rage wa harsashi gudu). Idan gyaran da manhaja ke nema ya wuce mita 10 a daƙiƙa daga abin da radar ta auna, ka koma ka binciki waɗannan, kusan kullum a nan kuskuren yake.