Wai makarantar rawar da ba ta zuwa gasa ɓata lokaci ce?

Maman Auta: Salam jama'a, raina a ɓace yake wallahi. 'Yata tana makarantar koyon rawar Turawan nan da ake kira bale tun tana shekara shida, yanzu ta kai takwas amma ko gasa ɗaya ba a taɓa kai su ba, na ce wa malamar a fara ba ta takalmin nan da ake tsayawa a kan yatsu ta ce wai sai ta kai 11 ko 12, kullum dai riƙe sandar jikin bango da lanƙwasa gwiwa. Duk makarantar da ba ta kai yara gasa wasa kawai take yi da kuɗin iyaye. Cire ta zan yi.

Anti Babba: Wasa? Yarinya 'yar shekara takwas in ba ta yi wasa ba me kike so ta yi, aikin ofis?

Maman Auta: Haba Anti, ba wannan wasan nake nufi ba.

Kawu: A'a ki tsaya, ke kika ce wasa. Ɗana ajin wasan kwaikwayo yake, shi ma wasa sunansa, amma ki ga yadda yaron nan yake haddace maganganunsa har a bakin barci. Ku daina raina wasa don Allah.

Baban Yara: Kowa ya gane abin da take nufi, kuna dai son jan magana ne. Gaskiya ta faɗa. Inda nawa suke kana shiga ƙofa kofuna za ka fara gani, kabad guda cike.

Tsohuwar Ɗaliba: Maman Auta, ki yi haƙuri amma malamar nan ta fi ki gaskiya a kan takalmin. Ƙashin ƙafar yaro bai gama ƙwari ba, akwai guringuntsi a wuraren da ƙashin yake girma, in kika ɗora nauyin jiki gaba ɗaya a kan yatsu da wuri illa za ki yi mata, shi ya sa yawancin malamai ba sa yarda kafin 11 ko 12, kuma ko shekarun sun kai sai sun ga idon sawu ya yi ƙarfi. Wannan lanƙwasa gwiwar da kike rainawa ita ce ke koya mata sauka daga tsalle ba tare da ta ji ciwo ba. Ni da za ki tambaye ni, daɓen ajin zan ce ki duba. Siminti ne ko tayil, ko kuwa katako mai ɗan sarari a ƙarƙashi da yake bada kai in an dira? Yara nawa ne a aji? Ana barin iyaye su leƙa?

Baban Yara: Ga ta nan da lacca. Mu maganar gasa muke yi ba daɓe ba.

Tsohuwar Ɗaliba: To gasar ma iyaye ne ke biyan kuɗin shiga da kayan sawa, kuma akwai gasannin da kusan kowa yake komawa gida da lambar yabo. In auna ci gaba kuke so akwai jarabawa, kamar ta cibiyar rawa ta Royal Academy of Dance ta Ingila da aka kafa a 1920, mataki 1 zuwa 8, mai jarabawa daga waje yake zuwa ba malamar ajin ba.

Anti Babba: Baban Yara ka faɗa wa mutane cewa mai makarantar kofunan ƙanwar matarka ce mana.

Baban Yara: To sai me? Ke ba ƙawarki ba ce malamar da ake magana a kai? Da kin fara da wannan.

Anti Babba: Ƙawata ce kuma ba na jin kunya, ta fi ƙanwar matarka takardu.

Baban Yara: Takardu ne za su yi rawar?

Baƙuwa: Don Allah ni ɗana shekara biyar, ya fi son masu ganga da tsalle, daga ina zan fara?

Kawu: Gaggawar ma ta mece ce? Misty Copeland tana shekara 13 ta fara bale, a 2015 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai matakin ƙoli a ƙungiyar rawar bale ta Amurka mai suna American Ballet Theatre. Makarantar bale ta Vaganova da ke Rasha ma wajen shekara goma take ɗibar yara.

Baban Yara: Ai shi ya sa, 'yan Rasha ba sa wasa.

Kawu: Ka ga ka sake cewa wasa!

Maman Auta: Ni dai na yi shiru, tambaya ɗaya na kawo an mayar da ita faɗan surukai.

Anti Babba: Ba tambaya kika kawo ba, hukunci kika kawo.

Admin: To ya isa haka. A taƙaice abin da na fahimta, yawanci an yarda gasa tana da amfani kuma makarantar da ba ta zuwa akwai alamar tambaya a kanta, nima tawa tun da ta fara zuwa gasa ta daina jin kunyar mutane. Wasu sun kawo maganar ƙashi da katako, wannan sai likitoci. Maman Auta ki nemi lambar wayar makarantar a wajen Baban Yara. Na rufe.

Baƙuwa: Ni fa ba wanda ya amsa min.