Don Allah ku ba ni shawara: wakilin inshorar lafiya zan bi ko abin da AI ya gaya min?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Matana biyu, yara bakwai, kuma Hajiyarmu a wajena take tun rasuwar mahaifinmu, tana fama da hawan jini da ciwon suga.

A azumin bara naƙuda ta kama amaryata bayan tarawihi. Muka kai ta wani asibitin kuɗi, aka ce sai an yi mata aiki, kuma ba za a taɓa ta ba sai an ajiye naira dubu 300. Kuɗina duk na zuba su a kayan Sallah. Ƙarfe ɗayan dare ina tsaye a bakin ƙofar asibiti ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ina jiyo nishinta ta taga. Maƙwabcina na kasuwa ne ya turo min, daga baya na biya shi da shadda a ƙasa da yadda na saro ta. Uwa da ɗa lafiya, alhamdulillahi, amma tun daga daren nan na ɗauki alkawarin ba zan sake irin wannan tsayuwar ba.

To akwai abokin ƙanen uwargidana da ke aiki da wani kamfanin inshorar lafiya mai zaman kansa. Sau uku yana zuwa shago, ya ce in na shiga komai da komai an ɗauke min, har Hajiya. Babban ɗana ya ce mu tambayi AI ɗin da ke wayarsa, muka ɗauki hoton takardun muka tura masa. AI ɗin ya ce in tambaya ko suna ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi, da iyakar shekarun da suke karɓa, da wata nawa ake jira kafin su biya kuɗin haihuwa. Ya kuma ce a tsarin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ake ɗauka. Da na kai wa yaron kamfanin tambayoyin sai ya ce, "Haba Alhaji, waya za ka yarda da ita ko ni da ka san gidanmu?" Kuma ya ce rangwamen ƙarshen wata zai ƙare. Wa zan bi?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya raya yaro. Alhaji ni dai na gaji da maganar inshora. Shekara nawa ana cirar wa maigidana kuɗi a albashi, amma duk ranar da na je da yara, sai a ba mu farasitamol a ce sauran babu, ku saya a waje. Masu biya da hannu kuma a gabanmu ake shigar da su, mu masu kati muna kan benci tun safe har azahar.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya:
Alhaji, saurara da kyau, na yi shekaru a teburin masu inshora a asibiti kafin in yi ritaya. Da wayar da yaron, babu wanda ya gaya maka abin da ya dace da kai. Maganar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu gaskiya ce, amma tsarin ma'aikata masu albashi ne. Kai ɗan kasuwa ne, naka shi ne GIFSHIP, tsarin NHIA na ƙungiya, mutum ɗaya ko iyali, inda kowane kai ake biya masa, mata biyu ko huɗu babu ruwansu. Ka ga wayar ta kawo maka doka ta gaskiya ta ɗora a kan wanda ba ta shafa ba, don ba ta san kai waye ba. Ga kuma KSCHMA ta jiharku, hukumar taimakekeniyar lafiya, da ko sunanta ba ka ambata ba. Shi kuwa yaron, la'ada yake ci a kan kowane kai da ya shigar, ba zai taɓa tura ka inda ba shi da kaso ba. Ka ajiye su duka. Ka je asibitin da kuka saba zuwa, ka nemi mai kula da teburin inshora, ka tambaye shi wane kamfani ne ke biyansu a kan lokaci. Nan amsarka take.

Ɗan Kwari:
Na gode Baba. Amma yaron nan ba baƙo ba ne, ranar sunan ɗana yana cikin masu rabon goro. Ba na jin zai cuce ni. Kuma asibitocin da ke cikin takardarsa manya ne, ba irin na layi ba.

Ɗalibin BUK:
Da girmamawa Baba, ban ga laifin AI a nan ba. Tambayoyi uku ya ba Alhaji, wakili ya kasa amsa ko ɗaya, ya koma maganar sanayya. Ƙirƙirarriyar basira ba ta cin la'ada, ba ta jin kunyar suruki. Da an gaya mata ɗan kasuwa ne mai mata biyu a Kano, da amsar ta bambanta. Alhaji ka sake tambaya, ka faɗi komai dalla-dalla.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya:
Yaro, wayarka ta san asibitin da ya daina karɓar katin wani kamfani makon jiya saboda bashi? Ta san cewa in za a tura ka wajen babban likita sai an nemi lambar izini daga kamfani, kuma wani kamfanin sai a wuni ana kira ba a ɗauka? Na ga mace mai ciki zaune tun hantsi har la'asar ana jiran lambar nan. Kuma ke Uwar Biyu, abin da ya same ki ga dalilinsa: asibitin farko, wato wanda aka yi miki rajista a cikinsa, kuɗi ƙayyadadde ake ba shi duk wata a kan kowane mai kati, ko ya zo ko bai zo ba. In magani ya yi tsada kuɗin bai ƙaru ba, sai su fara cewa babu. A ƙa'ida kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne kawai naki a tsarin NHIA. Da kin kai ƙara ofishinsu.

Uwar Biyu:
Baba wa ke da lokacin kai ƙara da yaro a goye yana zazzaɓi? Ku da kuke ciki ku ne ya kamata ku gyara tun kuna kan kujera.

Malamin Islamiyya:
Kafin a yi nisa, Alhaji ka bincika hukuncin abin? Malamai da dama suna da magana a kan inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, sun fi natsuwa da takaful, inshorar Musulunci, da tsarin taimakekeniya. Wannan kuwa ba waya za ka tambaya ba, malamin da ka yarda da shi za ka samu.

Nas daga Zariya:
Ni abin da ya tsaya min a rai Hajiya ce. Shekarunta nawa? Kamfanoni masu zaman kansu da yawa suna da iyakar shekaru, ko su ware wa tsofaffi tsari daban mai tsada, kuma maganin suga da hawan jini na kowane wata shi ne inda ake samun saɓani. Ka ce ya nuna maka a rubuce. Sannan hoton da kuka tura wa AI, da sakamakon gwajin Hajiya da sunanta a ciki? A daina tura irin wannan. Mu ma a wajen aiki kullum faɗan da nake yi da ƙananan ma'aikata ke nan, ba sa ji.

Ɗan Kwari:
Hajiya ta haura 70. Takardar kamfani kawai muka tura, sai katin asibitinta guda ɗaya. Gaskiya ban faɗa muku ba tun farko, na riga na ba yaron rabin kuɗin tun makon jiya, don kar rangwamen ya wuce ni. Kuma amarya tana da ciki wata huɗu, shi ya sa nake sauri. Ya ce min in bar masa maganar haihuwa, zai san yadda zai yi.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya:
Inna lillahi. Alhaji ai da wannan za ka fara! "Zai san yadda zai yi" ba ta cikin yarjejeniya. Ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata, takarda za a buɗe, ba za a kira shi ba. Tsare-tsaren kamfani na ɗaiɗaikun mutane galibi suna da watannin jira kafin su ɗauki haihuwa, cikin da aka shigo da shi kuwa da wuya. Asusun wa ka tura kuɗin, na kamfani ko nasa? An ba ka rasit?

Ɗalibin BUK:
To ai tambayar da AI ya ce a yi ke nan tun ranar farko, Baba.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya:
Tambaya ya bayar, bai hana shi biya ba. Da mutum ne mai hankali a gabansa, da ya riƙe masa hannu.

Ɗan Kwari:
Ta hannunsa na bayar, ya ce rasit sai an cika. Ku fahimce ni, in na ce ya dawo min da kuɗina yanzu, maganar har gidan surukaina za ta kai, kuma uwargida za ta ga kamar don abin ya shafi ɗan'uwanta ne nake tuhuma. Ni ban ga alamar rashin gaskiya a tare da shi ba. Zan dai kira shi bayan isha'i.

Maman Ɗan Auta:
Allah Ya sauke ta lafiya. Don Allah Baba, ni ma ina da tambaya, mijina direban tirela ne, shi wane tsari ya kamata ya shiga? Kuma in ciwo ya kama shi a hanyar Legas katin zai yi masa aiki a can?

Nas daga Zariya:
Alhaji, ka kira shi? Me ya ce a kan Hajiya?